Ni ke bin bashi, ni na ba da haƙuri

A Aboabo, wata unguwa a Kumasi ta ƙasar Gana, aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a nan kuma nake sayar da shinkafa da wake da man girki yau shekara 19. Yawancin masu sayen kayana matan da ke dafa wake da shinkafar safe ne, abincin nan da Tonawa, wato mutanen Asante, suka karɓi sunansa a bakinmu suka mai da shi waakye. Duk wanda ya san zangon Kumasi ya san sana'armu a kan bashi take tafiya. Mace ta ɗauki buhu ranar Litinin, ta dafa ta sayar, ranar Juma'a ta kawo kuɗi ta ɗauki wani. Ba takarda, ba sa hannu. In kika ce a rubuta, sai a ce kin raina mutum, ko kin fara halin banki.

Wadda abin ya haɗa ni da ita ba baƙuwa ba ce. Tare muka yi makarantar allo, tabarma ɗaya, bulala ɗaya. Ba zan kama sunanta ba tunda mun yi sulhu, kuma 'ya'yanta sun girma suna karanta abin da ake rubutawa. Maman Biyu muke ce mata, don tagwaye ta fara haifa. Ita ce uwar adashinmu, mata talatin, shekara da shekaru ba a taɓa cewa kwabon wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. Ku riƙe wannan, don a kansa na yi tuntuɓe.

Mijinta ya rasu a 2020. Bayan ta fita takaba ta yi ta fafutuka, har a farkon 2021 ta samu aikin dafa wa leburorin wani kamfanin gini abincin rana. Mutum kusan tamanin kullum, biya ƙarshen wata. Ta zo shagona da yamma, ta zauna a kan buhun wake, ta ce, "Yaya, Allah ya buɗe ƙofa amma ba ni da ƙafar shiga." Wata huɗu kacal na girme ta, amma Yaya take ce mini tun muna yara.

Na ba ta kaya na sidi 11,000, kuɗin Gana. Daga baya ta ce tana bukatar manyan tukwane da gas da kuɗin 'yan aiki, na tura mata 7,000 ta MoMo, wato ta asusun kuɗi na waya, kashi biyu. Jimla 18,000. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta dafe ƙirji ta ce, "Miliyan ɗari da tamanin?" Tsofaffinmu har yau da tsohon kuɗi suke lissafi, na kafin 2007 da aka yanke sifiri huɗu, kuma a ranar na ji lissafinta ya fi nawa faɗin gaskiyar nauyin abin.

Ban nemi jingina ba. Ita ce da kanta ta dawo washegari da wata takarda a cikin baƙar leda, ta ce ta filin marigayi ce da ke can bayan Kenyase, in riƙe har ta biya. Takarda ce mai hatimin wani sarkin Tonawa da lambar fili da zane a jiki. Na sa ta a ƙarƙashin atamfofina a cikin akwati, na riƙa kwana da kwanciyar hankali, ina ganin ko duniya za ta tashi ina da fili a hannu.

Wata uku na farko ta kawo sidi 2,000. Daga nan shiru. Kamfanin ya fara yi mata yau da gobe, daga baya aikin ya tsaya, masu shi suka kwashe kayansu. Wannan gaskiya ne, na je na ga wurin da idona. Na yi haƙuri har shekara ta juya.

Sai 2022 ta shigo, shekarar da duk ɗan kasuwa a Gana ba zai manta ba. Dala tana wajen sidi 6 a farkon shekara, kafin Nuwamba ta wuce 13. A Disamba aka ce tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari. Ni ban san lissafin gwamnati ba, abin da na sani shi ne in na sayar da buhun shinkafa da safe, kuɗin ba ya sayo mini irinsa da yamma a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi. Jarina yana narkewa kamar ƙanƙara a rana, ga 16,000 tawa a hannun wata. A nan haƙurina ya fara tsagewa.

Na fara sintiri gidanta. In na yi sallama yara su ce, "Mma ba ta nan," alhali ga silifas ɗinta a bakin ƙofa, labule yana motsi. In na kira waya ta yi ta ƙara har ta gaji. Wata rana cikin dare ta turo mini rubutu: "Yaya ki yi haƙuri, na san 16,000 ɗinki na wuyana, wallahi ban manta ba." Na karanta na yi tsaki na ajiye. Ban san wannan layi ɗaya shi ne zai zama dukiyata ba.

Abin da ya ƙarasa ni wani biki ne a Sawaba, farkon 2023. Ina zaune a ƙarƙashin rumfa sai ga ta ta shigo cikin sabon leshi, da sarƙa da awarwaro suna walƙiya, ta shiga fili tana liƙa wa amarya kuɗi, maroƙiya tana kiran sunanta a lasifika. Abincin da ke gabana ya koma mini kamar ƙasa. Wata da ke kusa da ni ta sunkuyo ta ce, ai ba ke kaɗai ba ce, an ce har kuɗin adashi ta taɓa. An ce. Ban tambayi wa ya ce ba.

Washegari na tafi wajen 'yan sanda da takardar filin a jakata. Wanda na tarar ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni da Tonanci: lokacin da ta karɓi kayan, ƙarya ta yi miki cewa tana da aiki alhali babu? Na ce a'a, aikin akwai. Ta musa cewa kina bin ta? Na ce a'a. Ya rufe littafinsa ya ce, "Maame, wannan bashi ne, ba zamba ba. Mu ba ma karɓar wa mutane bashi. Kotu za ki je." Na fito ina zaginsa a zuciyata, ina cewa an saye shi. Yanzu na san mutumin gaskiya ya gaya mini. Na san ana samun masu kai ɗan bashi caji ofis a tsare shi ya kwana biyu don ya tsorata, kuma na san matan da suka karɓi kuɗinsu ta haka, amma ba doka ba ce, ƙarfa-ƙarfa ce.

A daren nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Muna da zauren WhatsApp na matan unguwa, mutum sama da ɗari biyu, inda ake sanar da suna da biki da rasuwa da kuɗin anko. Na danna na naɗi murya ta minti huɗu da wani abu. Na kira sunanta da na mahaifinta. Na ce tana riƙe da kuɗina shekara biyu. Da a nan na tsaya da ban shiga uku ba. Sai na ce ɓarauniya ce, na ce ta ci kuɗin adashin mata, na ce gwal ɗin da ke wuyanta da gumin marayu aka saye shi, duk mai zubi a hannunta ta yi ta kanta. Na tura, na ji sanyi a raina, na yi barci mai daɗi.

Kafin azahar muryata ta isa Nima da Mamobi a Ankara, babban birnin Gana, ƙanwar mijina da ke Jamus ma ta kira tana tambaya. Cikin mako guda mata goma sha ɗaya suka janye daga adashin.

Bayan kwana tara wani saurayi a kan babur ya kawo mini farar ambulan shago. 'Yata ce ta karanta mini, tana karantawa muryarta na rawa. Daga ofishin lauya take. An rubuta maganganuna ɗaya bayan ɗaya, da Hausa yadda na faɗe su, da fassarar Turanci a ƙasa. An ba ni kwana 7 in janye, in nemi gafara a zauren da na yi maganar, in kuma biya diyyar sidi 50,000 na ɓata suna, in ba haka ba mu haɗu a kotu. Na yi dariya tukuna. Ni da nake bin 16,000, ni za a ce in biya 50,000? Dariyar ba ta kai la'asar ba.

Akwai yaron maƙwabtanmu da ya karanta shari'a a Tek, jami'ar nan ta Kumasi, yana aiki da wani babban lauya a gari. A gabana aka yi masa aski ranar suna. Na aika aka kira shi, ya zo bayan isha'i ya durƙusa ya gaishe ni, na miƙa masa takardar da wayata. Ya sa muryar a kunne ya saurara har ƙarshe, ya sake maimaitawa, yana ta shafa kai.

Ya ce, "Mma, a cikin minti huɗun nan, rabin minti ne naki. Sauran nata ne."

Na ce ban gane ba. Ya ce inda na ce tana riƙe da kuɗina, gaskiya ce, kuma mai faɗin gaskiya yana da mafaka a shari'ar ɓata suna. Amma ɓarauniya fa? Wanda ya karɓi abu da yardarki ya kasa biya ba ɓarawo ba ne. Kuɗin adashi kuma, wace mace ce za ta tsaya gaban alƙali ta rantse an ci nata? Na ce ai an gaya mini ne. Ya ce wanda ya ɗauki maganar wani ya yaɗa, shari'a tana kama shi kamar shi ya ƙirƙira, kuma ni ce zan kawo hujja, ba ita za ta wanke kanta ba. Ga shi abin ya taɓa sana'arta, ga mata goma sha ɗaya da za a iya ƙirgawa da yatsa.

Na tambaye shi abin da ke cin raina: za a ɗaure ni? Ya ce a'a. Tun 2001, zamanin shugaban ƙasa Kufuor, lokacin Akufo-Addo yana babban lauyan gwamnati, majalisa ta soke dokar da ke ɗaure mutum don ɓata suna. Abin da ya rage shi ne ƙarar neman diyya. "Ba za a kai ki gidan yari ba, Mma, amma ana iya zuwa a rubuta buhunan shagonki." Wannan ya fi ɗaurin tsorata ni.

Sai na tashi da ƙarfin gwiwata na buɗe akwati na ciro baƙar leda. Na ce to ga fili, a sayar a ba ni kuɗina. Ya buɗe ya duba, ya yi ɗan murmushin da ban so ba.

A nan na sha karatun da ban taɓa yi ba. Ya ce wannan takardar rabon fili ce da sarki ke bayarwa, shaidar an nuna maka wuri ka kai kuɗin goro. Yawancin ƙasar Asante ta kujerun sarauta ce, kuma bayan wannan takarda akwai sauran tafiya: a bi ta ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Tonawa, a Manhyia, a yi takardar haya ta shekaru, a yi rajista a Hukumar Filaye. Marigayin bai yi ko ɗaya ba. Ya nuna mini wani layi a ƙasa da ke cewa in ba a fara gini cikin shekara biyu ba, sarki na iya karɓe abinsa. Takardar kuwa ta shekara tara.

Na biyu, sunan da ke jiki na mamaci ne, ba nata ba. Ya rasu bai bar wasiyya ba, don haka a idon gwamnati dokar gado ta 1985, wadda kowa ke kira Doka ta 111, ita ke aiki, Musulmi ne kai ko Kirista. A dokar, gidan zama da kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne. Sauran dukiya a kasa 16: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyayen mamaci, biyu a bi al'adar dangi. Mu a zango yawanci malamai muke kira su raba yadda addini ya ce, kuma in kowa ya yarda shi ke nan, amma ranar da ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, wancan lissafin za a buɗe. Marigayin yana da uwargida a Tamale da 'ya'ya huɗu, mahaifiyarsa kuma tana raye. Ba wanda ya je kotu ya karɓi takardar izinin kula da gadon. Ke nan Maman Biyu ta ba ni jinginar abin da ita kanta ba ta da ikon sayarwa. Ban ce ta yi da gangan ba. Na fi zaton ita ma, kamar ni, gani take duk takarda mai hatimi fili ce.

Duk da haka ban haƙura ba sai da na hau mota na je. Daga bakin titi na ɗauki pragya, keken nan mai ƙafa uku, muka yi ta tambaya. Da muka isa lambar, gida na tarar an kai shi linta, da tankin ruwa, da wata mata tana shanya. Ban ko yi sallama ba na ce wa yaron ya juya.

Abin da ya tsaya mini a ƙarshe shi ne abubuwan da na raina. Yaron ya sa na je ofishin kamfanin waya aka buga mini bayanan MoMo, ga 4,000, ga 3,000, da rana da lambarta. Ya sa na nemo littafin 'yata na makaranta inda take rubuta buhunan da suka fita in ba na shago. Sannan saƙon nan na dare, "na san 16,000 ɗinki na wuyana." Ya ce kar in kuskura in canja waya ko in goge. Ya kuma gaya mini abin da yawancinmu ba mu sani ba: bashi yana da wa'adi a kotun Gana. In shekara 6 ta wuce ba ki kai ƙara ba, ba a biya wani abu a ciki ba, ba a kuma amsa shi a rubuce ba, ƙofa ta rufe. Nan take na tuna wata dattijuwa a layinmu da ke bin wani mahauci kuɗi tun kafin a rushe tsohuwar kasuwar Kejetia, tana cewa tana jiran ya ji kunya.

Muka shigar da ƙara a kotun gunduma. Na ɗauka sai mai babbar riga ke shiga wurin, ashe ko ba lauya kana iya zuwa wajen rajistara ka faɗi abin da kake bi, ka biya kuɗin shigarwa, ma'aikacin kotu ya kai sammaci. Wanda ba shi da hali kuma akwai Hukumar Taimakon Shari'a. Ranar farko na ga abin mamaki: rabin mutanen da ke kan benci maganar haya ce ta kawo su, mai gida ya karɓi kuɗin shekara biyu alhali dokar haya ta 1963 wata 6 ta yarda, sauran kuma bashi da iyakar fili. Na ga fuskoki uku da na sani daga Asawase, kowa ya kau da kai.

Da aka kira mu, lauyanta ya miƙe ya ce su ma suna da tasu ƙarar a kaina. Alƙaliyar ta dube mu ta saman tabarau, ta tambaya ta bakin tafinta ko mun san juna. Maman Biyu ta ce, "Yayata ce." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma haushin kaina ya kama ni da na bari ta gani. Aka tura mu ɗakin sulhu na kotun, aka ba mu wata guda.

Mai sulhun wani dattijo ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ba ya yanke hukunci, tambaya kawai yake yi ya bar ku da shirunku. A zama na biyu ne na ji abin da ban sani ba. Leshin bikin anko ne da uwar amarya ta raba, gwal ɗin na ƙanwarta ne ta ara, kuɗin da ta liƙa sidi 100 ne da aka canja mata ƙananan takardu. Ta buɗe jaka ta fito da littattafan adashi guda uku, ta tura mini su a kan tebur, ta ce, "Yaya, duba. Nuna mini wadda na ci nata." Ban taɓa su ba. Na san babu.

Amma ni ma na faɗi nawa, kuma ban sassauta ba. Na ce da ta fito ranar da na ga takalmanta a bakin ƙofa ta ce mini ba ni da shi, da ba mu zo nan ba. Ɓuyan ne ya fi rashin biyan ciwo. Har yau ina kan wannan.

Sai maganar kuɗin ruwa. Yaron ya ce kotu na iya ɗora mata ruwa daidai da na banki tun daga ranar da ya kamata ta biya, kuma haƙƙina ne, don 16,000 ta 2023 ko rabin buhunan 2021 ba za ta saya ba. Na kwana uku ina juya abin. Na je wajen limamin masallacinmu, ya ce abin da kika bayar shi za ki karɓa, ƙari a kan bashi riba ce. Sannan ya tambaye ni ko na san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na ce na sani, Malam. Ya ce, "Kin sani, Hajiya, ko kin haddace?" Na bar ruwan. Ba zan ce raina ya so ba.

Aka rubuta yarjejeniya: za ta riƙa biyan 800 duk ranar 5 ga wata har wata 20, ta MoMo don a sami shaida. Ni zan mayar da takardar fili, in janye maganata a zauren da na yi ta, da muryata, in kira sunanta kamar yadda na kira a farko. Ita ta janye neman diyya. Muka sa hannu, aka mai da takardar gaban alƙaliya ta zama hukuncin kotu, wanda in ta saɓa ba sai an sake shari'a ba, sai dai a nemi izinin kama kaya.

Naɗin muryar nan sau shida ina yi ina gogewa. Na farko ya fito kamar ina karanta sanarwar rasuwa. Na uku na sa "in na ɓata wa wani rai", 'yata ta ce, "Mma, ba haka aka rubuta ba." Na shida na ce: ni ce wance, maganar da na yi cewa wance ta ci kuɗin adashi ƙarya ce, ban gani ba, ban da shaida, ba ɓarauniya ba ce, ina roƙonta gafara ina roƙon Allah. Daƙiƙa arba'in. Ta farko ta kai Jamus cikin yini ɗaya. Wannan, mutum bakwai ne suka amsa da "Masha Allah", sai wata ta turo hoton anko aka wuce wurin. Cikin mata goma sha ɗaya da suka fita adashinta, huɗu ne suka dawo.

Ta biya. Sau biyu ta makara, sau ɗaya ta turo 500 ta cika daga baya, ban ce komai ba. Na ƙarshe ya shigo ina tsakiyar auna wa wata wake, wayar ta yi ƙara a cikin zanina. Da yamma sai ga ɗaya daga cikin tagwayen da kwano a rufe, tuwon zafi da miyar ayoyo, ya ce Mma ta ce a gaishe ki. Na juye na wanke kwanon, na zuba masa shinkafa mudu biyu a ciki ya kai mata. Da ya fita 'yata ta jawo littafi tana tambaya ta rubuta a shafin wa, na ce wannan ba na rubutawa ba ne.